Kogin da ya ratsa filina ya shiga lissafin hukumar dajin Amurka: za a ƙwace filin ne?

Tambaya: Barista, ni mazaunin Greensboro ne a jihar Karolina ta Arewa. Na sayi fili eka 12 a yammacin jihar, mai iyaka da dajin gwamnati na Pisgah, kuma wani kogi ya bi ta gefensa. Niyyata in gina ɗan gida, in ajiye tumaki kaɗan, in kuma gyara gaɓar da ambaliyar 2024 ta zaftare. Yanzu maƙwabcina ya ce hukumar daji ta saka kogin cikin waɗanda suka cancanci kariyar tarayya, wai gini ya haramta, kuma ƙarshenta gwamnati za ta karɓe filin. Har ya taya. In sayar masa?

Amsa: Malam, kada ka sayar saboda wannan magana. Abin da maƙwabcinka ya faɗa ya haɗa matakai uku da doka ta rarrabe, kuma kogin naka, bisa bayaninka, yana kan na farko ne kawai.

Dokar da ake magana a kanta ita ce Wild and Scenic Rivers Act, wato dokar tarayya ta kare koguna masu gudana da ba a datse ba, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu ranar 2 ga Oktoba 1968, a zamanin da gine-ginen madatsun ruwa suka yi yawa a ƙasar. Ta fara da koguna takwas, yau kuma tana kare fiye da 200. Sashe na 5(d)(1) ya ɗora wa hukumomin tarayya su duba kogunan da ke yankunansu a duk lokacin da suke tsara yadda za a sarrafa ƙasa da ruwa, shi ya sa Hukumar Kula da Dazuzzuka ta yi wannan bincike sa'ad da take sabunta kundin tsarin dazukan Nantahala da Pisgah, wanda aka kammala a 2023. Tambayoyi biyu ake yi a mataki na farko, wato matakin cancanta: shin kogin yana gudana ba tare da an datse shi ko an karkatar da shi ba, kuma shin yana da aƙalla wata daraja guda da ta yi fice, ko ta kyan gani, ko ta shaƙatawa, ko ta duwatsu, ko ta kifi da namun daji, ko ta tarihi da al'ada? Idan ya cika su, sai a ba shi aji na wucin gadi cikin uku, gwargwadon yawan hanyoyi da gine-ginen da ke gaɓarsa. Mataki na biyu shi ne binciken dacewa, inda ake auna wane ne ke da filayen, nawa za a kashe, da ra'ayin jama'a da na ƙananan hukumomi. Na uku shi ne ayyanawa, wato shigar da kogin a hukumance cikin waɗanda dokar ke karewa, kuma wannan ba ya hannun hukumar daji ko kaɗan: ko dai Majalisar Dokokin Tarayya ta yi doka, ko gwamnan jiha ya nema Sakataren Cikin Gida ya amince. Wato ko baiko ba a kai ba tukuna, balle ɗaurin aure, kuma koguna da yawa sun shafe shekaru masu yawa a matakin farko.

Wanda cancanta ta ɗaure wa hannu ita ce hukumar da kanta. A filayen gwamnati da ke cikin kusan rubu'in mil daga kowace gaɓa, wato kimanin mita 400, dole ta guji yin abin da zai hana kogin gudu ko ya ɓata darajar da aka gano, misali yanke sabuwar hanyar ɗaukar katako a inda aka ce daji ne da ba a taɓa ba. Wannan umarni na cikin gida ne, ba ya tsallaka iyaka zuwa filinka. Dajin Pisgah, wanda aka kafa a 1916, an haɗa shi ne da filayen da gwamnati ta saya daga hannun mutane ƙarƙashin dokar Weeks ta 1911, saboda haka filayen jama'a a tsakaninsa abu ne da aka saba da shi, ba kai kaɗai ba ne.

Na fahimci inda tsoron ƙwace ya samo asali. Wanda ya taso a Najeriya ya san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, har yana iya soke takardar mallaka da sunan amfanin jama'a. A Amurka filin naka ne kai tsaye, kuma gyara na biyar na kundin tsarin mulki ya hana a karɓe shi sai da diyya ta adalci. Ita kanta dokar koguna ta ƙara takaita ikon karɓa, kuma ikon ba ya tashi sai bayan an ayyana kogin. Sashe na 6 ya ce gwamnati ba za ta mallaki fiye da eka 100 a kowane mil ba idan aka yi matsakaicin lissafi, sannan idan rabin ƙasar da ke cikin iyakar kogin ko fiye da haka ta riga ta zama ta gwamnatin tarayya ko ta jiha ko ta ƙaramar hukuma, to ba za a karɓi filin kowa da ƙarfi ba. Kogin da ke ratsa dajin gwamnati yakan cika wannan sharaɗi. Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce, ko a wannan hali doka ta bar ƙofar karɓar wani haƙƙi a kan fili, kamar haƙƙin wucewa zuwa bakin ruwa ko na hana gini mai tare ido. Amma shi ma sai an biya, kuma sashe na 16 ya ce ba zai shafi amfanin da mai fili ya saba yi kafin lokacin ba sai da yardarsa. A aikace hukumomin sun fi karkata ga saye daga mai son sayarwa.

Ƙarfin dokar yana cikin ruwa ne. Sashe na 7 ya hana hukumar makamashi ta tarayya ba da lasisin madatsa a kogin da aka ayyana, ya kuma hana kowace hukumar tarayya tallafa wa aikin ruwa, da kuɗi ko da izini, idan zai cutar da kogin kai tsaye. A jiharku akwai misali: ayyana wani yanki na kogin New a 1976 shi ya kashe shirin madatsun kamfanin wutar Appalachian Power, wanda da ya tabbata da gonaki da gidaje masu yawa sun nutse. A can dokar ta zama garkuwa ce ga masu fili.

Nan ne batun gaɓarka ya shigo. Jibge duwatsu ko zuba ƙasa ƙasa da layin da ruwa ya saba kaiwa, ko sanya kwalbati, ko kafa ƙafar gada a cikin kogi, duk suna buƙatar izinin Rundunar Injiniyoyin Soja ƙarƙashin sashe na 404 na dokar tsaftar ruwa ta 1972, ko kogin yana cikin wani lissafi ko ba ya ciki. Da za a ayyana shi, sai hukumar daji ta tantance aikin kafin izinin ya fito. A matakin cancanta wannan tantancewa ba ta zama wajibi ba. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne ka ɗauko mai katafila ya shiga ruwa ya gyara gaɓa a kwana biyu ba tare da takarda ba, domin tara da umarnin a mayar da wurin yadda yake suna iya fin kuɗin aikin. Gyara da dashen itatuwa da kwantar da gangaren gaɓa yakan fi saurin samun amincewa a kan bangon siminti.

Ginin gida da kiwon tumaki kuwa, hurumin ƙaramar hukuma ne da jiha. Su ne za su ba ka izinin gini, da na rijiya, da na sokawe, su ne kuma za su duba taswirar ambaliya su gaya maka tsayin da dole daɓen gidan ya kai. Haka nan dokar jihar ta 1973 kan zaizayar ƙasa ta hana tone ƙasa domin gini a cikin ƙafa 25 daga gaɓar ruwayen da aka ware wa kifin tsaunuka, kuma yawancin rafukan yankinku na iya faɗawa cikinsu.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka rubuta wa ofishin hukumar daji da ke Asheville, ka nemi su tabbatar a rubuce ko yankin kogin da ya taɓa filinka yana cikin lissafin, da ajin da aka ba shi, da darajar da aka gano. Ka ɗauko takardar mallakarka ka kai wa lauya mai lasisin Karolina ta Arewa ya duba ko akwai wani tsohon haƙƙi da aka riga aka ɗora a kan filin, domin wannan zai bi ka ko da dokar koguna ba ta taɓa ka ba, ka kuma sa safiyo ya fitar da iyakarka da daji da layin ruwa. Idan hanyar shiga filin ta ratsa ƙasar gwamnati, wata dokar tarayya ta 1980 ta tabbatar maka da damar shiga, amma sai ka karɓi takardar izini.

Lokacin kai ƙorafi kan kundin 2023 ya wuce, kuma kai hukumar kotu kan cancanta kaɗai ɓarnar kuɗi ce, tunda Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Ohio Forestry ta 1998 cewa ba a cika sauraron ƙara kan kundin tsari ba sai an zo aiwatar da wani takamaiman aiki. Inda muryarka za ta yi tasiri shi ne idan an buɗe binciken dacewa ko an gabatar da ƙudiri a majalisa, don haka ka nemi a saka sunanka cikin waɗanda ake aika wa sanarwa, ka riƙa ba da ra'ayinka a rubuce kafin wa'adi ya cika. Idan kuma wata rana ka ga dama ka sayar don wani dalili naka, ka sa ƙwararren mai ƙiyasta kuɗin fili ya yanke farashi kafin ka saurari tayin maƙwabcin.