Zan Koyar a Gidan Yari: Shin Maki da Allon Gasa Za Su Riƙe Mini Ɗalibai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar jami'a ce, an ba ni kwas ɗaya in koyar da ɗaurarrun da ke karatun digiri a gidan yari. Tsorona kada su watse kafin zango ya ƙare. A wata bita an ce mana mu mayar da darasi wasa: maki a kan kowane zuwa aji, lambar yabo, da allon da ke jera na ɗaya har na ƙarshe duk mako. Hankalina bai kwanta ba. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya, kada ki bari masu bita su kashe shi.

Kullum sai na haɗu da wannan ruɗin, wai da zarar an raba maki an kafa allo, darasi ya zama wasa. Masu tallan abin, da yawansu ba su taɓa tsayawa a ƙofar gidan yari ana caje su ba. Ko a jami'ar da kowa ke da 'yancinsa abin yana da tangarɗa. A wani binciken da aka buga a 2015, masu bincike Hanus da Fox sun bibiyi aji biyu masu manhaja ɗaya tsawon mako 16. Ajin da aka saka wa allon gasa da lambobin yabo shi ne sha'awarsa ta ragu, sakamakon jarrabawarsa ma ya gaza na ɗayan.

To ina ga gidan yari? Ɗaurarre ya riga ki sanin maki, domin da shi ake juya shi. Tun 1840 Alexander Maconochie ya kawo tsarin maki a kurkukun tsibirin Norfolk: ka yi aiki a ƙara maka, ka yi laifi a zabge. A Ingila tun 1995 ake karkasa fursunoni mataki-mataki, matakin mutum ke yanke yawan ziyarar da zai samu da ko zai ajiye talabijin a ɗaki. Idan kika shigo da naki makin, a idonsu an ƙara gandiroba ɗaya ne, mai riƙe da alli.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskure. Na liƙa jerin sunaye a bango, na koma gida ina jin na yi dabara. Wani dattijo a ajin, mai rubutu a hankali da guntun fensir, sunansa ya faɗo ƙasa mako uku a jere. Ashe mako ɗaya an kai shi kotu, ɗaya an kulle ɓangarensu saboda ƙidaya ba ta cika ba, na ukun kuma kunya ce ta hana shi fitowa. Ɗalibin waje idan ya ji kunya sai ya tafi gida ya huce. Wannan da abokan ajinsa yake kwana, da su yake tashi, maganar cewa shi ne na ƙarshe ta riga shi isa ɗaki. Allona ya hukunta shi a kan ƙofar da makullinta ba ya hannunsa.

Abin da ya kamata ki ɗauko daga wasa shi ne damar sake gwadawa. Mai wasa yana faɗuwa ya tashi ba tare da an rubuta masa a fayil ba. Ki bar su su gyara rubutu su sake kawowa sau biyu ko uku. Ki raba su rukuni-rukuni su yi muhawara, rukuni ya ci ko ya faɗi gaba ɗaya. Ba sai da intanet ba: a 2015 ɗaurarrun shirin kwalejin Bard a jihar New York sun kayar da ƙungiyar muhawara ta jami'ar Harvard, alhali duk takardar da za su karanta sai hukumar gidan ta amince.

Kuma don Allah kada tausayi ya sa ki yi musu kyautar maki. Suna ganewa, kuma raini suke ɗaukarsa. Ki sassauta ranar miƙa aiki, ma'aunin gyara kuwa ya zama irin wanda kike yi wa kowa. Ƙa'ida ta 104 a Dokokin Nelson Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni tana neman a haɗa karatun ɗaurarru da tsarin ilimin ƙasa gwargwadon iko, don su ci gaba bayan fita. Digirin alfarma ba zai kai su ko'ina ba.

Abin da ke watsa aji a can galibi ofis ne: littafi ya yi wata yana jiran sa hannu, a sauya wa ɗalibi gidan yari ana saura mako biyu jarrabawa. Tun kafin zango ya fara ki kai jerin littattafanki a tantance, ki kuma nemi alkawari a rubuce cewa sakamakon ajinki ba zai shiga fayil ɗin ladabtarwa na kowa ba. Za su ce ki dawo gobe. Ki koma.