Kafin ka sayi sabuwar wayar nan mai faɗin fuska, fara zuwa wurin mai gyara

Salamu alaikum ɗan'uwa. Tun da safe na ga tambayarka, na bari sai da na rufe shago don in amsa maka a natse. Ka ce ka kwashi adashi, ranka ya biya da wata waya da ta fito kwanan nan mai fuska inci 6.8, ga kuma wadda ke hannunka tana aiki, sai dai ta yi maka ƙanƙanta kuma cajinta ba ya kai ka la'asar. Kana so ka ji ko ka saya yanzu ko ka dakata.

Ni yadi nake sayarwa a babbar kasuwar Katsina, shadda da atamfa da leshi, kuma babbar waya nake riƙewa shekara da shekaru. Saboda haka ba zan ce maka faɗin fuska fankama ba ce. Masu saye daga Daura da Dutsin-ma da Jibiya, har da Maraɗi, hoto suke turo mani a WhatsApp su ce irin wannan zanen suke so. A ƙaramar waya sai na yi ta jawo hoton da yatsu kafin in bambance saƙar, a babba kuwa kallo ɗaya ya isa. Ga shi ido ya fara rauni tun da na haura arba'in. Shafin Alƙur'ani yana fitowa cikakke ba sai na matse ido ba, kuma idan zan tura kuɗi ina ganin lambar asusu tar. Wanda aikinsa karatu ne ko duba hoto ko lissafi, babbar fuska kayan aiki ce a wurinsa.

Amma fara duba girman wadda ke hannunka. Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, ba faɗi ba ne. Lokacin da Samsung ya fitar da Galaxy Note ta farko a 2011, inci 5.3 ce, mutane suna mamakin girmanta. Yau ko masu sauƙin kuɗi na Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion na ƙasar Sin, yawancinsu sun kai inci shida da rabi. Tsawo wayoyin suka ƙara fiye da faɗi. In taka 6.5 ce, tsakaninta da 6.8 bai cika santimita ɗaya ba. Abin da ke cin kuɗin shi ne irin gilashin: AMOLED ne ko LCD, yana iya haske a tsakar rana ko sai ka kare shi da hannu, da kuma santsinsa idan kana jan shafi.

To a nan ne na sha tawa, kuma ita ce dalilin da ya sa na zauna rubuta maka wannan.

Akwai wata da na saya mako biyu da fitowarta, sabuwa dal a kwali, mai lanƙwasasshen gefe. Ba ta yi wata biyu a hannuna ba. Wata Juma'a an sallame, na zo hawa babur a wajen Ƙofar Ƙaura, tana aljihun gefe na kaftani. Da yake doguwa ce, kanta a waje yake. Ina ɗaga ƙafa ta zame, ta faɗi a kan kusurwa. Da na ɗauka tsaga ɗaya ce siririya kamar gashi, har na yi hamdala. Kafin magariba wani baƙi kamar tawada ya fara yaɗuwa daga kusurwar, ga koren layi ya ratsa daga sama har ƙasa. Washegari rabin fuskar ya mutu.

Na kai wa mai gyaran da na saba da shi. Ya jujjuya ta, ya ce, “Alhaji, gilashin wannan bai shigo kasuwa ba tukuna.” Ya buga waya kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano, can ma babu. Mako uku na yi ina aron wayar yaron shagona, masu saye suna turo hoto ba na gani a kan lokaci, ciniki da yawa ya wuce ni ana dab da Sallah. Da gilashin ya iso, orijina ɗin ya tasam ma kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wayar gaba ɗaya. Akwai kwafi mai sauƙi, amma ya faɗa mani gaskiya, Allah ya saka mashi: idan aka sa mata na LCD a madadin AMOLED, wurin ɗora yatsa da ke ƙarƙashin gilashi ya daina aiki, haskenta ya dusashe a rana, kuma ta ƙara shan caji. Garanti kuwa ba ya ɗaukar fashewa. Dole na biya na orijina.

Shi ya sa nake ce maka kafin ka je shagon mai sayarwa, je wurin mai gyara. Faɗa mashi sunan wayar, ka tambaye shi ko gilashinta yana samuwa a nan Katsina ko Kano, da nawa ne orijina. Idan kuɗin da ya faɗa ba za ka iya fitar da shi ba tare da ka taɓa jari ko cefanen gida ba, to wayar ta fi ƙarfinka ko da kana da kuɗin sayenta yau.

Sabuwar fitowa kuma tana da nata haɗarin, ko daga babban kamfani take. A 2014 masu iPhone 6 Plus sun yi ta ƙorafin tana lanƙwashewa a aljihu. Galaxy Note 7 ta fito a watan Agustan 2016, batirinta ya riƙa kamawa da wuta, aka hana shiga jirgin sama da ita, zuwa Oktoba kamfanin ya daina yin ta baki ɗaya. Waɗanda suka yi gaggawa su suka fara gani. Wata biyu ko uku sun isa a ji abin da masu riƙe da ita ke cewa, rigarta da gilashin kariya su wadata a kasuwa, masu gyara su san cikinta. Ba zan yi maka alkawarin farashi zai sauko ba. A da haka ake yi, amma tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar Naira a watan Yunin 2023 mun ga waya ta tsufa kuɗinta na ƙaruwa saboda dala. Jiran da nake nufi na sanin halinta ne.

Sai maganar caji, tunda shi ne ainihin kukanka. Fuska ce ta fi komai shan batir a waya. Za ka ga an rubuta ƙarfin batir 5000mAh ka ɗauka ka huta, amma a ranar Katsina dole ka ƙure haske kafin ka ga rubutu, nan take cajin ke zuba. Zafi ma yana kashe batir. Kamfanin Apple da kansa ya ce kada a yi amfani da wayarsa a zafin da ya wuce digiri 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Ka haɗa da yadda wuta ke zuwa a unguwarku. Kuma ka tambaya ko akwai kan caja a kwalin, don Apple ya cire tun 2020, Samsung ya bi sahu a manyan wayoyinsa a 2021. Kada ka ƙara ko kwabo saboda an ce tana da 5G, sai in ka ga alamarsa da idonka a wayar wani a inda kake zaune. Data kuma ka san an amince da ƙarin kashi 50 a kuɗinta a Janairun 2025, ga babbar fuska da jan mutum kallon bidiyo.

Idan har ka je shagon, kada ka tsaya kallonta a kan tebur. Manyan nan irin su Galaxy S24 Ultra da iPhone 16 Pro Max kowacce ta haura giram 220. Riƙe ta da hannu ɗaya ka ga ko babban yatsanka na kaiwa ɗaya gefen. Nemi izini ka sa ta a aljihun rigar da ka saba sawa, ka zauna, ka sunkuya kamar za ka yi ruku'u. Sau nawa muke jin ƙarar waya ta faɗo daga aljihun gaba a sahun salla? Kuma mai amsa waya a bakin titi ko cikin keke ya sani, wadda ta cika hannu ta fi saurin jan idon masu fizge.

Da ni ne kai, zan fara kai ta hannuna a canza mata batir mai kyau, in ga yadda za ta yi wata biyu. Idan har yanzu ƙanƙantar na damuna, sai in nemi ta bara daga irin jerin da nake so, wadda girman fuskarsu kusan ɗaya ne, kayan gyaranta sun cika kasuwa. Tsufan manhaja ba abin tsoro ba ne kamar da, tunda Samsung ya yi alkawarin sabunta jerin S24 har shekara bakwai, sai dai ka tambayi na wadda za ka saya, don ba kowace ke da wannan ba. Ranar saye ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta jikin kwali, a rubuta maka ita a rasit.

Ba ka faɗa mana sana'arka ba, kuma ba ka faɗi girman wadda kake riƙe da ita ba. Faɗa mana waɗannan biyun tare da kuɗin gilashin da mai gyara ya gaya maka, in sha Allahu zan ƙara maka bayani gobe bayan na buɗe shago. Allah ya sa albarka a kuɗin.