Ta ina iskar za ta bi? Amsa ga yarona kan zanen huhu da na ogan

Salam yarona, na ga saƙonka tun bayan la'asar, ina wajen masu katako ne shi yasa ban amsa ba sai yanzu da na samu zama. Ka ce abu biyu ne suka tsaya maka a rai. Na farko me yasa na dawo maka da zanen nan guda biyu, na huhu da zuciya da za a kai sakandare da kuma na ogan, babban abin kiɗan nan mai bututai, da masu makarantar kiɗa suke so a bangonsu, kuma duk biyun magana ɗaya na rubuta a ƙasa da jan biro wai iska ba za ta wuce ba. Na biyu kuma ka ce da ka buga kalmar a waya sai hotuna suka zo maka a cakuɗe, ga hanta ga ƙoda ga dogayen bututai irin na coci, har ka fara zargin wayar.

Toh wayarka lafiyarta ƙalau. Turawa suna ɗaya suke kiran abin kiɗan nan da kayan cikin mutum, ogan, daga Girkanci suka aro kalmar kuma asalin ma'anarta kayan aiki ne kawai, abin da aka yi shi don ya yi wani aiki. Ni kuma dama ta nan nake so ka kalli zanenka, domin hannunka ya faɗa, inuwarka ta yi kyau, fentin ma ka haɗa shi daidai, amma abin da ka zana siffa ce ka kwafo daga waya baka tsaya ka tambayi kanka yaya abin yake aiki ba.

Bari na fara da ogan ɗin tunda shi baka taɓa tsayawa a gabansa ba. Ka tuna maƙerar da ke bayan shagonmu, yaron maƙeri yana zaune yana zuga wuta da zuga-zugi? Haka abin yake. Zuga-zugi ne yake tura iska cikin wani akwatin katako da ba ya yoyo, bututan nan duk a kan akwatin suke tsaye kowanne da ƴar ƙofarsa a ƙasa, idan makaɗi ya danna madanni sai ƙofar ta buɗe iska ta shiga wannan bututun ya yi kuka. Kowane bututu sarewa ce mai murya ɗaya tak, ba kamar sarewar makiyaya ba da ake toshe huda da yatsa a canza murya, shi yasa idan madannai 61 ne a jere to sai an samu bututu 61 kafin a samu launin murya guda ɗaya, kuma babban ogan yana da jeri da yawa, waɗanda kake gani a fuska kaɗan ne dubbai suna ciki a ɓoye. Yanzu injin lantarki ne yake hura iskar amma da can mutane ne suke aikin da ƙarfinsu.

Yanzu ɗauko naka ka duba. Bututanka a iska suke tsaye, babu akwati a ƙarƙashinsu. Bakin da ake yankawa a jikin bututu kai ka kai shi can sama kusa da ƙarshe, alhali a ƙasa yake, daidai inda ƙafar bututun mai tsini kamar mazurari ta haɗu da gangar jikinsa, domin a nan iska take bugun leɓe ta rabu sauti ya tashi, daga bakin nan zuwa sama shi ne tsawon da yake yanke irin muryar. Sannan ka yi su duk kauri ɗaya kamar an yanko su daga rodi ɗaya, kuma ka rage tsawonsu da inci ɗaya inci ɗaya a miƙe kamar matakalar bene. Ba haka suke sauka ba. Bututun da ya fi kauri a murya a jerin da aka saba yana kai wajen ƙafa 8, idan ka ƙirga madannai 12 gaba, farare da baƙaƙe, sai ka samu mai ƙafa 4, wasu 12 kuma ƙafa 2, sai ƙafa 1, wato rabi yake komawa kowane karo, shi yasa layin kawunansu yake lanƙwasa, yana gangarowa da sauri daga farko sannan ya kwanta a hankali. Dogo kuma dole ya fi faɗi. Ko launin ma ka yi su kamar silba ta tukunya, su kuwa yawanci kuza da dalma ake narkawa a haɗa, kuza irin wanda aka haƙa a Jos, ƙyallinsu mai laushi ne yana ɗan ja da baya. Baƙaƙen madannai kuma bibbiyu da uku-uku suke tafiya, kai ka jera su babu tsallake, duk yaron da ya taɓa piyano a makarantar nan zai gani tun daga bakin ƙofa.

Masu zanen da suka gabace mu sun kula da wannan sosai. Akwai wani Bajamushe mai sassaƙa zane a kan farantin tagulla, Israhel van Meckenem, wajen ƙarshen shekarun 1400 ya yi hoton wani mutum yana kaɗa ƙaramin ogan a kan tebur a ɗakinsa, matarsa tana bayan abin tana danna zuga-zugi guda biyu. Wallahi duk sanda na kalli hoton nan sai na ji daɗi, saboda bai ɓoye mai aikin iska ba, kana gani ka san idan matar nan ta ɗaga hannu kiɗa ya tsaya. Shi kuma Raphael na Italiya a wajen 1514 ya zana Sisiliya, wadda Kiristoci suke ɗauka a matsayin waliyyiyar kiɗa, tana riƙe da ƙaramin ogan ta sake shi ya sunkuya ƙasa har bututai suna zamewa daga ramukansu, ita hankalinta ya tafi sama tana sauraren wata waƙa. Ka ga shi da gangan ya karkatar da abin, kuma ya iya yin haka ne don ya san cewa bututan ɗora su ake yi a rami ba a like suke ba. Wani malamin coci Bafaranshe da ake kira Dom Bedos ma tsakanin 1766 da 1778 ya fitar da littafin ƙera ogan da zane-zane masu faɗi, ya yanka abin gida biyu a takarda ya nuna hanyar iska tun daga zuga-zugi har bakin bututu, har yau masu ƙira suna aiki da zanen nan.

Wani abin da yake burge ni, a gari ɗaya abubuwan biyu suka taso. A Iskandariya ta Masar, ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai ƙira Kitesibiyos ya haɗa ogan na farko da aka sani, da nauyin ruwa yake daidaita ƙarfin iskar, kuma a wannan ƙarnin a wannan garin likita Hirofilus yake buɗe gawar mutum yana duba abin da ke ciki.

Toh mu dawo kan huhu, wanda ni ya fi damuna, domin ogan idan ka kuskure dariya kawai za a yi, amma wannan yara ne za su kalle shi shekara da shekaru su shiga jarabawa da shi, wasunsu ma su zama nas ko likita. Maƙogwaron da ka zana ya sauko ya tsaya a tsakiyar ƙirji kamar an toshe shi da tsumma, huhun biyu suna rataye a gefe babu abin da ya haɗa su da shi. Dole ya rabu biyu kowane reshe ya shiga huhunsa ya ci gaba da rarrabuwa kamar rassan bishiyar da aka kifa, kuma reshen dama ya fi gajarta ya fi faɗi ya fi miƙewa, shi yasa idan yaro ya shaƙe da gyaɗa yawanci dama take faɗawa. Zoben guringuntsin da ke jikinsa ba cikakken zobe ba ne, a buɗe yake ta baya inda hanyar abinci take jingine. Huhun dama kashi uku ne na hagu biyu, na hagun kuma yana da ɗan lotsawa inda zuciya take kwanciya. Kai ka yi su kamar tagwayen burodi.

Sai zuciyar. Na gode Allah baka yi irin ta bayan keke napep ba mai kibiya a tsakiya, ka yi ɗakuna huɗu, amma bangon ɗakin ƙasa na hagu ka yi shi siriri daidai da na dama, alhali ya ninka shi kauri kusan sau uku saboda shi yake tura jini har ɗan yatsan ƙafa, na dama kuwa huhu kawai yake kaiwa nan kusa. Kuma ka bar ƴar kafa a katangar da ta raba dama da hagu, na san buroshi ne bai kai ba amma a wannan aikin kafa magana ce. Jalinus, babban likitan zamanin Rumawa, ya ce akwai ƙananan hudoji a katangar nan da jini yake ratsawa, aka yi ta maimaita maganarsa fiye da shekara dubu, sai likita Ibnun Nafis da ya rasu a Alƙahira a 1288 ya ce sam babu wata huda, jini sai ya bi ta huhu ya gauraya da iska kafin ya dawo hagu. Kar ka buɗe ƙofar da malamin nan ya rufe. Launi ma ka kula, ja da shuɗi da muke sawa alama ce ta jinin da ya sha iska da wanda bai sha ba, don haka babbar jijiyar da ta fita daga zuciya zuwa huhu shuɗiya ce, masu dawowa daga huhu su ne jajaye, kai ka juya su.

Hantar kuma ka sa ta a hannun damanka na takarda. Mutumin da ke cikin zanen fuskantarka yake yi, damansa hagunka ne. Wannan kuskuren ni ma na yi shi ina sabon buɗe shago, na yi wa wani ƙaramin asibiti allon kayan ciki aka rataye a ɗakin jira, bayan sati biyu wata nas ta aiko a kira ni ta ce marasa lafiya suna nuna allon suna faɗin inda yake musu ciwo kuma hantar tana ɓangaren da ba nata ba. Na sauke shi na sake wani da kuɗina, kuma har yau idan na tuna mutanen da suka tsaya gaban allon nan suna dafa cikinsu sai na ji nauyi a raina.

Ka ce ko na turo maka hoto mai kyau ka kwafa. A'a. Ranar Asabar da sassafe ka je kwata ka ce wa mahauci ya sayar maka da huhun rago haɗe da maƙogwaro da zuciya kar ya raba su, ka zo da shi shago, za mu sa bututun wayarin a maƙogwaron mu ɗaure da roba mu hura da famfon keke, ba da baki ba, ka ga yadda yake tashi kashi bayan kashi yana yin haske, ka saki ya koma da kansa. Sannan mu tsaga zuciyar ka sa yatsa a kowace jijiya ka ji ɗakin da ta faɗa. Leonardo da Vinci, mai zanen nan na Italiya, da zuciyar shanu ya yi yawancin nazarinsa a wajen 1512, har kakin zuma ya narka ya ɗura a gindin babbar jijiyar da take kai jini jiki don ya samu siffar cikinta, ya yi shirin kwaikwayonta da gilashi a zuba ruwa da ƙwayar ciyawa a ga yadda ruwan yake juyawa yana rufe murfin da ke bakin jijiyar.

Amma ka riƙe wannan da kyau, rago zai koya maka yadda abin yake aiki ne kawai, ba shi za ka ɗora a allon yara ba. Huhun damansa kashi huɗu ne, kuma daga lanƙwasar babbar jijiyarsa reshe ɗaya ne yake fita, na mutum uku. Nan ne Jalinus ya zame, birai da aladu da shanu ya yanka ya ɗauka mutum ma haka yake, shi yasa tsofaffin zane-zane suke nuna hanta mai kunne biyar kamar ta dabba. Shi kansa Vesalius, likitan da yake koyar da ilimin sassan jiki a Padua ta Italiya, a takardun da ya fitar a 1538 hanta mai kunne biyar ya zana duk da yana buɗe gawa da hannunsa, idonsa yana ganin abu ɗaya hannunsa yana bin littafi, sai a babban littafinsa na 1543 da aka buga a Basel yana ɗan shekara 28 ya gyara. Don haka bayan rago za mu ari littafin ɗaliban likita daga wajen malamin bayoloji na makarantar, mu jera biyun ka rubuta duk inda suka saɓa.

Kafin Asabar ga abin da za ka yi. Ka ɗauki takarda shara-shara wadda ake ganin zane ta cikinta ka ɗora a kan kowane zane, ka sa fensir a inda iska take shiga ka ja layi ɗaya ba tare da ka ɗaga hannu ba har inda take fita, a ogan daga zuga-zugi zuwa bakin bututu, a ƙirji daga hanci zuwa ƙarshen reshe, jinin ma haka daga dama zuwa huhu zuwa hagu. Duk inda fensir ya tsaya ka yi da'ira. Ka kuma yanko bututun wayarin guda biyu, ɗaya inci 12 ɗaya inci 6, ka toshe ƙasansu da tafin hannu ka hura bakinsu kamar kwalba ka saurara. Kwalin da ka ɓata kar ka jefar, bayansa za mu yi gwaji a kai, kuma ka zo da gawayi don fensir ɗin shago ya kusa ƙarewa. Ka gaida Baba.