Wasan waƙa a tsakar gida: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni makaɗin gurmi ne, ba ni da ubangida, kuɗin hayar ɗakin taro kuma ya fi ƙarfina. Na ji ƙananan mawaƙa a Amurka kan yi wasa a gidajen masoyansu. Zai yiwu a nan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai yiwu, muddin ka yarda da ƙaramin taro. Mutum 25 zuwa 30 sun isa, a kan tabarmi, da kujeru kamar shida don dattawa. Maigidan ne zai gayyaci mutanen da ya sani ta WhatsApp. Kada a sa adireshi a Facebook, domin baƙin da ba a gayyata ba su ne ke kawo rigima a ƙofa. A sanar da maƙwabta da mai unguwa kwana uku kafin ranar.

Inda aka fi yin kuskure shi ne sauti. Gurmi ba shi da ƙara sosai, saboda haka makirfo biyu kake buƙata, ɗaya a bakinka, ɗaya kusa da fatar gurmin, sai lasifika guda. Lasifikar ta kasance a gabanka, tana fuskantar jama'a. In ta koma bayanka, makirfon zai riƙa kwasar sautinta yana mayar mata, shi ne ƙugin nan mai huda kunne. In akwai mai kalangu, kada a ba shi makirfo, ko haka nan ma yana iya danne murya. Lasifika mai batir ta fi janareta. In dole sai janareta, a kai shi waje can nesa da taga. Bayan ƙararsa, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri.

Fara bayan sallar Isha'i: minti 40, hutun shayi na minti 15, sai wani minti 30. Ƙarfe 10 a watse.

Batun kuɗi, a faɗi abin da kowa zai bayar tun a cikin gayyata, jin nauyi ba ya biyan kuɗin mota. A ajiye ƙwarya da lambar asusu a ƙofa. Ban da liƙi: dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadi wa mai liƙa naira ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun.