Ɗan daudu ya zo da kumburin ƙafa bayan shan ƙwayar tazarar haihuwa: me ma'aikacin jinya zai yi?

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Daura. Makon jiya wani matashi mai kimanin shekara 24, cikin waɗanda ake kira 'yan daudu, ya zo da daddare, ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa. Da ƙyar ya faɗa mini cewa wata bakwai ke nan yana shan ƙwayar tazarar haihuwa guda uku kullum ba fashi don nono ya fito masa, ya ce shi a ransa mace yake jin kansa. Abokin aikina ya ce a ba shi maganin ciwo ya tafi, kada mu jawo wa kanmu magana. Na ba shi diclofenac, bai sake dawowa ba. Na yi daidai? Idan irinsa ya sake zuwa me zan duba, kuma doka za ta kama ni?

Amsa

Wa alaikumus salam, Sista. Abin da aka yi masa bai wadatar ba. Idan akwai lambar wayarsa a kati, ki neme shi yau, kada ki bari sai gobe.

Mutumin da ke shan wannan ƙwaya, ƙafarsa ɗaya ta kumbura, ana ɗauka gudan jini ne ya toshe babbar jijiyar ƙafa har sai hoto ya nuna ba haka ba ne. Kowace ƙwaya ɗaya irin ta Microgynon tana ɗauke da maikirogiram 30 na ethinylestradiol, wani nau'in sinadarin mata. Uku a rana 90 ke nan, ninki uku na abin da aka tsara wa mace, ga shi babu hutun mako guda da mata ke yi. Sinadarin yana sa hanta ta yawaita sarrafa abubuwan da ke daskarar da jini. Likitocin birnin Amsterdam, waɗanda suka daɗe suna ba masu sauya jinsi irinsa, sun buga sakamakon mutum 816 a 1997, suka ga toshewar jijiya ta ninka kusan sau 20. Daga baya aka daina amfani da shi a wannan fanni. Abin da aka yar a can saboda haɗarinsa, shi ne ya fi araha a kemis ɗinmu.

Idan ya zo, ki ɗauko tef ki auna kaurin sha-raɓa a ƙafafu biyu, santimita 10 ƙasa da ƙashin nan da ya ɗan taso a ƙarƙashin gwiwa. Bambancin da ya wuce santimita 3, da zafi idan an danna, da ɗumin fata, duk suna ƙarfafa zato. Sai ki koma kan numfashi. Bugun zuciya sama da 100 a minti, haki, sukan ƙirji idan ya ja numfashi, ko tari da jini, alama ce gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma wannan shi ke kisa, wani lokaci cikin mintoci. Kada a murza ƙafar da man zafi, kada a kai shi wurin mai ɗori. Diclofenac kuwa ɓoye ciwon yake yi gudan na nan, kuma idan aka haɗa shi da maganin tsinka jini yana iya jawo zubar jini a ciki.

Ya daina ƙwayar nan take, a tura shi Babban Asibitin Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina don hoton jijiya. Idan an tabbatar, likita zai zaɓi ɗaya daga magungunan tsinka jini: allurar enoxaparin miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki sau biyu a rana, ko rivaroxaban miligiram 15 sau biyu a rana na kwana 21 sannan 20 sau ɗaya tare da abinci, ko warfarin, wanda ya fi araha amma ana fara shi ne tare da allurar enoxaparin, kuma sai ana awon INR, wato na saurin daskarewar jini, ya tsaya tsakanin 2 da 3. Aƙalla wata uku ake yi. A takardar turawa ki rubuta sunan ƙwayar, adadinta da tsawon lokacin sha. Dalilin shan ba sai kin rubuta ba, maganin bai dogara da shi ba.

Zuwansa da daddare ba hakanan ba ne. Masu irin wannan hali suna jinkirin zuwa asibiti a ko'ina. A wani babban bincike da aka yi a Amurka a 2015 kan masu sauya jinsi sama da dubu 27, kashi 23 cikin ɗari sun ce a shekarar da ta gabata sun ƙi ganin likita alhali suna bukata, don tsoron wulaƙanci. A Abuja, binciken da aka yi kan maza masu neman maza ya nuna masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 bayan dokar hana auren jinsi ta 2014. To ina ga gari kamar Daura, inda mai yankar kati ya san kakan majiyyaci? Wanda ya gudu daga asibiti kemis yake komawa, kuma mai kemis ba ya awon jini.

Shi ya sa tambaya biyu ce aikinki a kan kowane irin wannan majiyyaci: waɗanne gaɓoɓi ne a jikinsa, kuma me yake sha, yake shafawa, ko yake yi wa kansa allura da shi. Ki ce ya kawo kwalayen ko ya nuna miki hotonsu a waya, domin da wuya ƙwayar tazarar haihuwa ta zo ita kaɗai.

Akwai spironolactone, maganin hawan jini da fitar da ruwa, da ake sha don rage ƙarfin sinadarin maza. Yana tara gishirin fotasiyam a jini. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0, idan ya haura 5.5 a dakatar, don yana rikita bugun zuciya. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ke shan lisinopril, diclofenac ko ibuprofen, da mai ciwon ƙoda, da kuma lokacin bazara ko azumi da jiki ke ƙarancin ruwa. Akwai Diane-35, wadda ita ma ethinylestradiol ce, maikirogiram 35, haɗe da cyproterone. Cyproterone mai yawa yana taɓa hanta, kuma a 2020 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da miligiram 10 zuwa sama saboda ƙari da ke tsirowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ciwon kai mai naci, raguwar gani, ko ruwa na fita daga nono, duk na likita ne.

Sai maganin ƙiba, wanda ake sha don ƙugu ya cika, galibi dexamethasone da cyproheptadine. A nan ƙa'idar ta juya. Ƙwayar tazarar haihuwa ana yanke ta lokaci guda, amma wanda ya yi makonni yana shan dexamethasone ba a yanke masa haka, domin jikinsa ya daina sarrafa nasa sinadarin. Jini zai faɗi, ya yi ta amai, ya suma. A hankali likita ke ragewa. Ki auna masa suga da hawan jini. Man bilicin mai clobetasol ma yana shiga jini idan ana shafe jiki duka da shi. Idan kuma ya ce an yi masa allurar mai ko silikon a mazaunai ko ƙirji, ki duba ƙurji, tauri da zazzaɓi.

Kada ki manta da sikila, sigari, ciwon kai na ɓari ɗaya mai zuwa da walƙiya a ido, ciwon hanta nau'in B, da tarihin shanyewar ɓarin jiki a dangi. Kowanne yana ƙara haɗarin.

Da yawa za su koma wa ƙwayar da zarar ƙafa ta sace, don haka a faɗa musu gaskiyar abin da take yi da wanda ba ta yi. Nono yana fara fitowa cikin wata 3 zuwa 6, ya kai iyakarsa a shekara 2 zuwa 3, kuma yawan ƙwaya ba ya gaggauta shi. Idan ya fito ba ya komawa sai da tiyata. Murya ba ta canzawa, gemu ba ya ɓacewa. Maniyyi yana raguwa, kuma ba kowa ne haihuwa ke dawo masa ba bayan ya daina, abin da ɗan shekara 24 da wuya ya yi tunaninsa. A ƙasashen da likitoci ke rubuta irin wannan magani, estradiol suke bayarwa, sau da yawa na mannawa a fata ga mai haɗarin gudan jini, tare da awon jini duk wata uku a shekarar farko. Wannan aikin ƙwararren likitan sinadaran jiki ne, ba na ƙaramin asibiti ba, kuma ba na ba ki shawarar rubuta wa kowa shi. Ko a can ma ana jayayya a kan yara: Ingila ta taƙaita maganin dakatar da balaga ga 'yan ƙasa da 18 a 2024.

Za ki iya haɗuwa da ɗaya ɓangaren, wadda aka haifa mace tana allurar testosterone, wato sinadarin maza, irin su Sustanon. Jininta yana yin kauri, don haka a auna PCV, wato awon yawan jini, idan ya haura 50 a tura ta. Ɗaukewar al'ada ba ya nufin ba za ta ɗauki ciki ba, kuma sinadarin yana cutar da ɗan tayi. Ciwon mara a jikin da ke da mahaifa, a yi gwajin ciki, ko da mai jikin yana da gemu. Gwajin bakin mahaifa ma yana nan a kanta, kamar yadda furostet, ƙullutun nan na ƙasan mafitsarar maza, ke nan a jikin majiyyacinki komai girman nononsa.

Ki yi masa tayin gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, a keɓe, ba tilas. Nazarin da ya tattara bayanan ƙasashe 15 a 2013 ya gano kusan kashi 19 cikin ɗari na waɗanda aka haifa maza suke rayuwa a matsayin mata suna ɗauke da ita. Wasu suna barin maganin cutar don tsoron zai ɓata musu ƙwayoyinsu. Haɗin maganin cutar mai suna TLD da ake bayarwa kyauta ba ya yin haka. Efavirenz, wani maganin cutar, da rifampicin na tarin fuka su ne ke rage ƙarfin sinadaran. Wanda aka yi wa fyaɗe yana da awa 72 ya fara maganin rigakafi na kwana 28. Sannan ki tambaye shi barci, cin abinci, da ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar kai tsaye ba ta cusa wa mutum tunanin. A binciken nan na Amurka kashi 40 cikin ɗari sun taɓa yunƙurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire rashin jituwa da jinsi daga jerin cututtukan taɓin hankali a kundinta na 2019, amma ciwon damuwa da ke tare da shi ciwo ne mai magani.

Abu ɗaya da ake yawan cakuɗawa: mata-maza daban ne. Wannan halitta ce ta jiki, malaman fiƙihu ma sun daɗe da ware mata babi. Saurayin da nono ya fito masa ba tare da shan komai ba, ga ƙananan 'ya'yan maraina, ko budurwar da ta kai 15 ba al'ada, bincike suke bukata. Jaririn da aka kasa gane jinsinsa kuwa gaggawa ce, don wasu suna zubar da gishirin jiki a mako na biyu zuwa na uku, su yi amai su bushe su mutu. A tura shi tun kafin suna.

Batun doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ƙin ba kowa taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira dubu 100 ko ɗaurin da zai kai wata shida. Sashe na 26 ya wajabta rufe sirrin majiyyaci, sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko barazana ga lafiyar jama'a. Dokar hana auren jinsi ta tanadi shekara 14 ga masu auren, 10 ga masu ƙungiyoyi da bayyanawa a fili, kuma Katsina na cikin jihohi 12 masu aiki da shari'ar Musulunci. Amma auna ƙafa da rubuta takardar turawa ba ya cikin abin da waɗannan dokoki ke hukuntawa. A ganina shawarar abokin aikinki ita ce ta fi kusa da jawo magana, da majiyyacin ya faɗi a hanya. Ba wanda ya ce ki sauya aƙidarki. Wa'azi na da wurinsa da masu yin sa, amma wanda aka tarbe shi da shi a ɗakin allura ba zai faɗi abin da ya sha ba.

Wajen magana, Hausa ta ba ki mafita. Idan “ka” ko “ki” zai kawo tsaiko, ki yi amfani da “ku” na girmamawa: “Me ke damun ku? Tun yaushe kuka fara sha?” Sunan da ke kati shi za a rubuta don kada sakamakon awo ya ɓace. Ki ja labule, ki fitar da 'yan kallo, har da ma'aikatan da ba su da aiki a wurin, kuma kada a buɗe masa jiki fiye da inda ciwo yake. Idan za a kwantar da shi a ɗakin maza, gadon gefe kusa da teburin ma'aikata ya fi.

Idan kin kira wayar wani ya ɗauka, kada ki ambaci ƙwaya ko sunan ciwo, ki ce daga asibiti ne ana son ya dawo a sake duba ƙafarsa. Idan shi ne ya ɗauka, ki fara da tambayar numfashinsa. Muddin yana haki, kada ya tako da ƙafa ko ya hau babur shi kaɗai, a sa shi a mota kai tsaye zuwa sashen gaggawa.