Amsa kan ko kuɗi na saya wa ɗan kasuwa kujerar majalisa a Amurka

Salamu alaikum. Ɗan uwan da ya yi tambaya wai shin a Amurka ma in mutum ya tara dukiya a kasuwa zai iya sayen kujerar majalisa da kuɗinsa, toh bari in tofa albarkacin bakina, don na yi shekara bakwai a arewacin San Diego a jihar Kalifoniya, kuma ɗan majalisar wakilai na mazaɓar da nake zaune lokacin irin mutumin da kake tambaya ne sak, sunansa Darrell Issa, ɗan jam'iyyar Rifablikan.

Abin dariya ni muryarsa na fara sani kafin fuskarsa. Aikin da na fara samu can a wani garejin wayarin ne, muna saka wa motoci ƙararrawar hana sata, wata rana aka kawo wata tsohuwar mota mai ɗauke da ƙararrawa samfurin Viper, ina matsawa kusa sai na ji muryar namiji da Turanci tana ce min in ja da baya daga jikin motar, wallahi har sai da na waiwaya. Abokin aikina ɗan Meziko ya yi ta dariya, ya ce ai ɗan majalisarka ne ya kore ka. Ashe da gaske ne, shi ya naɗi muryar da bakinsa lokacin kamfanin yana hannunsa.

Ba ɗan masu kuɗi ba ne. A Cleveland ta jihar Ohio aka haife shi a 1953, dangin babansa daga Labanon suka zo, yana shekara 17 ya bar sakandare ya shiga soja. Farkon shekarun 1980 ya ranta wa wani mai ƙaramin kamfanin ƙararrawar mota dala dubu 60, mutumin ya kasa biya a kan lokaci, shi ko ya bi ta kotu ya karɓe kamfanin, ka ji irin kasuwancinsa ba sani ba sabo. Daga baya ya dawo Kalifoniya da kamfaninsa Directed Electronics, lokacin kuma satar mota ta yi ƙamari a Amurka, kasuwa ta buɗe masa har ya kai akwai shekarun da ake lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a majalisar. Kuma fa shi kansa an taɓa tuhumarsa da satar mota yana saurayi amma aka janye ƙarar, duk zaɓe sai 'yan adawa sun tono masa wannan.

Yanzu ga inda amsarka take. A 1998 ya nemi sanata, ya zuba wajen dala miliyan 10 daga aljihunsa a zaɓen fidda gwani kaɗai, Matt Fong ya kayar da shi. Ka ga can babu wasu daliget da za ka kwana da su a otal, masu zaɓe ne ke fitowa su kaɗa ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, kuɗin duk a tallan talabijin da takardun da ake cusa mana a akwatin wasiƙa yake ƙarewa. Sai a 2000 ya ci majalisar wakilai, a mazaɓar da dama Rifablikan suka fi yawa. A 2003 kuma ya kashe sama da dala miliyan ɗaya da rabi wajen tara sa hannun yi wa gwamnan Kalifoniya Gray Davis kiranye da niyyar shi ya hau, kwatsam Arnold Schwarzenegger ya shigo, dole ya janye yana hawaye gaban 'yan jarida. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan.

Kar a ce na ce kuɗi ba ya aiki, yana yi sosai, ba don shi ba wa zai san mai sayar da ƙararrawa? Albashin kujerar dala dubu 174 ne a shekara, wajensa kuɗin shayi ne, suna da iko ya je nema kuma ya samu, daga 2011 zuwa 2015 shi ne shugaban kwamitin sa ido kan gwamnati, ya hana gwamnatin Obama sakat da bincike.

Amma abin da na gani da idona shi ne na 2017. A zaɓen 2016 da ƙuri'a dubu ɗaya da ɗari shida da 'yan kai ya sha da ƙyar, daga nan duk ranar Talata da safe mutane suke taruwa a bakin ofishinsa na garin Vista da kwalaye, yawancinsu dattawa ne 'yan fansho wasu har da kujerar naɗewa, nan ne hanyata ta zuwa aiki in bi ta tsakiyarsu ana ta hon. Wata rana har kan rufin ginin ya hau yana ɗaukarsu hoto da waya. Janairun 2018 ya ce ba zai sake tsayawa ba, Mike Levin na Dimokurat ya gaje kujerar.

Mu duk mun ɗauka shi kenan an gama da shi, ashe taswira ya zauna yana dubawa. A 2020 ya koma wata mazaɓa ta gabashin San Diego inda 'yan jam'iyyarsa suka fi yawa ya tsaya a can, ya kuma koma Washinton a Janairun 2021, lokacin ni har na tattaro na dawo gida.