Waye ya fi kowa a 'yan tanis na Ajantina?

Ɗan'uwa ka tambaya waye gwarzon tanis na Ajantina, to ni dai a wajena ba wata jayayya, Guillermo Vilas ne. Grand Slam, wato manyan gasannin tanis na duniya, guda huɗu ya ci, a 1977 kaɗai ya ɗauki French Open da US Open, kofi 16 a shekara ɗaya, wasa 46 a jere ba wanda ya doke shi, sannan ya ƙara da Australian Open a 1978 da 1979. Abin da ke min ciwo har yau ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, ba ta taɓa sa shi lamba ɗaya a duniya ba, a na biyu ya tsaya, wallahi an cuce shi.

Amma wanda zuciyata ke so Del Potro ne. Yaron nan yana shekara 20 ya lallasa Nadal a wasan kusa da na ƙarshe, ya zo ya kayar da Federer a US Open 2009, ba don ciwon wuyan hannu da ya dinga kai shi tiyata ba da labarin ya canza. Duk da haka ya dawo shi da tawagar Ajantina suka ɗauki Davis Cup, kofin tanis na ƙasashe, a 2016.

A mata kuwa sai Gabriela Sabatini, ita ta doke Steffi Graf a US Open 1990.